Ƙwai Ɗaya a Gaban Hajiya

Ummi, wannan babin naki ne. Ban sani ba ko zan kai lokacin da za ki yi wayon zaunar da ni ki tambaye ni, shi ya sa nake rubuta shi tun yanzu a bayan tsohon littafina na makaranta. Nan gaba za ki ji ana cewa uwarki ba ta da kunya. Wataƙila a gidan biki za ki tsinci maganar, wataƙila a bakin wata da kuka yi faɗa ta rasa abin jifa. Kada ki ƙaryata su. Abin da suka ce na yi, na yi shi, ido biyu, da hantsi, a gaban mata bakwai. Sai dai su ƙarshen suka gani, ni kuwa ina cikin abin tun daga farko.

Ni ban taɓa zama siririya ba. Tun ina yarinya a Ringim, in Innata, Allah ya ji ƙanta, ta aike ni, sai matan layinmu sun ja kumatuna suna tubarkalla. Ba wanda ya ɗauki abin ciwo. Ina gama sakandare aka yi bikinmu da babanki, lokacin bai daɗe da samun aiki a ofishin gona a Dutse ba, danginsa har murna suke an kawo musu amarya mai cika ɗaki. Bayan haihuwarki na yi kwana arba'in ana ɗura min kunun kanwa da farfesun ƙafar sa, aka gama jego jikina bai san an gama ba. Kafin ki shekara uku sallah ta gagare ni a tsaye, sai a bakin gado, goshina ya manta da ƙasa. Suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi. Wani likita a Kano ya dube ki kina wasa da takalmina, ya dube ni, ya ce in aka bar ni haka, ba ni zan kai ki ɗakin miji ba.

Yayan babanki ya yi karatu a Masar, shi ya nemo mana asibitin da ake aikin rage ƙiba a can. Ba zan cika ki da labarin jirgi da ɗakin tiyata ba. Abin da ya kamata ki sani shi ne an rage min tumbi, an mayar da shi kamar ƙaramin kofin shayi. Ranar da za a sallame mu likitan ya zauna a gefen gadona yana yi min bayani da Turanci a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Ya ce sau shida zan riƙa ci a rana, kaɗan-kaɗan. In fara da ƙwai, ko kifi, ko nama mai laushi, ko nono, kafin duk wani abu mai cika ciki. Kowace loma in tauna ta sai ta zama kamar kunu, kowane zama in ba shi rabin awa. Ya ce ramar ba a guje za ta zo ba, kada in matsa mata. Na gane duk abin da ya faɗa, na gyaɗa kai. Ban tambaye shi a gaban wa zan yi wannan cin ba. Shi ma bai san akwai irin wannan tambayar a duniya ba.

Mun dawo a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, mata sun koma dogon hijabi har ƙasa, kowa na lura da na kusa da shi. Babanki aka tura shi ƙauyuka rabon taki, sai Juma'a yake shigowa. Ba ni da uwa, kuma ba a barin mai ɗinki a ciki ita kaɗai da ƙaramar yarinya, don haka aka wuce da ni unguwar Limawa, gidan kakanki Baba Malam, aka sauke ni a ɗakin kakarki Hajiya, wadda kika ci sunanta. Ki riƙe wannan da kyau kafin ki ci gaba: Hajiya ba ta taɓa nufina da sharri ba. Gadonta ta bar min, ta koma tabarma da gwiwoyinta masu ciwo. Ita take gasa min jiki. Ko ƙofar gida ta daina leƙawa, wai kada in buƙaci wani abu ba ta nan. Da ƙiyayya ce, da na san yadda zan yi da ita.

Za ki taso ki tarar matar ɗa ba ta cin abinci a gaban uwar mijinta. Shekara huɗu da aurena, Hajiya ba ta taɓa ganin bakina yana motsi ba. Ko ruwa zan sha sai na juya baya na kare da mayafi. Da wannan ake yabona a dangi, kuma ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye miki ba. Hajiya ita ma ta san haƙƙin wannan kunyar. In aka kawo kwanona sai ta ajiye min a gefen gado, ta dafa bango ta miƙe.

"Bari in leƙa awakin nan," in ji ta, "tun safe nake jin kukansu."

Awakin ba abin da ya same su. Wuri take ba ni. Za ta zaga bayan ɗaki, ta ɗan tsaya, ta dawo tana jan silifa da ƙarfi don in ji tahowarta in rufe kwano. Duka-duka bai fi a yi sallah raka'a biyu ba. Ga mai lafiya ya isa, da can a irin wannan ɗan lokacin nakan tashi da malmala guda. Amma ni yanzu rabin awa aka ce. Na gwada sauri. Loma uku na tura a jere, ta huɗu ta tsaya min a ƙirji kamar an cusa dutse, gumi ya karyo min, Hajiya ta dawo ta tarar ina kelaya amai a tasa. Washegari ma haka. Daga nan na koyi dabara: in ta fita sai in lashi miya, in gutsuri gefen tuwon don a ga alamar hannu, in rufe. Tsokar naman da ake sa min ke nake miƙa wa. Ƙwai kuwa a gidan na Baba Malam ne da baƙinsa, wace matar ɗa ce za ta buɗe baki ta ce a dafa mata? Abin da ke shiga cikina a yini bai wuce kunu ludayi biyu ba.

Ga kuma 'yan dubiya. Daga hantsi har la'asar ɗakin ba ya rabuwa da mata, yawancinsu sa'o'in Hajiya, su ma ba a ci a gabansu. Kuma kallo ne ke kawo su. Labari ya zaga Limawa an kai matar wane Masar an yanke mata ƙiba, kowa na zaton zai tarar da ni kamar sillen kara, sai su tarar na cika gado yadda suka san ni. Ƙanwar babanki Saude, da yake akwai wasa tsakaninmu, ita take faɗin abin da sauran ke haɗiyewa.

"Matar Yaya, wai ta ina aka rage? Na duba gaba na duba baya, ni dai ban ga gurbin ba. Ko Larabawan nan buɗewa kawai suka yi suka leƙa, suka ce tubarkalla, suka mayar suka ɗinke?"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Ranar Goggo Asabe tana nan, yayar Hajiya da ke aure a Taura, wadda ko Baba Malam sai ya sassauta murya in tana magana. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ƙare min kallo ta juya wurin ƙanwarta.

"Ke ce kike ɗura mata. An sha wahala an kai ta wata uwa duniya, kin zo kina mayar da abin da aka fitar."

"Wallahi Yaya, yarinyar nan ba ta cin komai," in ji Hajiya. "Yadda na ajiye kwano haka nake ɗauka."

Da alfahari ta faɗa, kamar mai ba da shaidar tarbiyya.

"To alhamdu lillahi," Goggo ta ce. "Ta ƙara daurewa, zai sauka."

Kin ga inda muka taru muka ɓata? Hajiya na ganin cikakken kwano, ta ɗauka aikin ne ke ci. Goggo na ganin jikina, ta ɗauka cin ne ya yi yawa. Ni kuma mai sakandaren, wadda ta ji bayanin likita da kunnenta, na fi su laifi, don na fara yarda da su. Da zanina nake awo. Watan farko bakin zanin ya ƙara zagayawa da faɗin tafin hannu, na yi murna. Daga nan ya tsaya cak, sati uku ko yatsa bai ƙaru ba. Na ce a raina ashe kunun ma ya yi yawa, na mayar da shi ludayi ɗaya. Ran Juma'a babanki zai zo ya tsaya a bakin ƙofa, don shi ma ba zai shiga ɗakin uwarsa ya zauna kusa da matarsa ba. Ya gaida Hajiya, sannan ya jefo tambaya sama kamar da labule yake magana.

"Ana dai cin abinci ko?"

"Ana ci," in ce da shi, kaina a ƙasa.

Dogon hijabin ya rufa wa ciwon asiri. Ba wanda ya ga yadda naman damtsena ya saki, ba wanda ya ga gashin da nake tsefewa yana biyo mataji. Sai ƙafafuna suka fara. Da farko kamar tururuwa na yawo a tafin, daga baya in na taka ƙasa sai in ji kamar a kan auduga nake tafiya. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron a ce aikin ne ya lalace, a ce dama an faɗa.

Wata safiya, wata uku da dawowarmu, na fito tsakar gida zan yi alwala. Kika taho a guje kina "Umma, ɗauke ni", kika rungume min gwiwa. Na sunkuya. Ƙafafun nan suka tafi kamar ba nawa ba, na kife, ke kina ƙarƙashina. Ummi, ina jin ki. Ina jin ihunki a ƙarƙashin ƙirjina, ina jin ƙafarki tana harbin cinyata, na ce wa hannuwana su ɗaga ni suka ƙi. Sai kukan naki ya fara yin ƙasa. Saude da wata maƙwabciya ne suka mirgina ni aka zaro ki, kin buɗe baki babu sauti, sai can kika ja numfashi kika tsandara ihu. Ba ki karye ko'ina ba. Da la'asar har kin koma wasa. Ni ce ban tashi daga wurin nan ba har yau. In na rufe ido sai in ji lokacin da kukan ya fara yin ƙasa.

A asibiti aka ɗebi jinina, aka sa min ruwa, aka yi ta yi min allurai. Likitoci a kaina suke magana, ba da ni ba. Wadda ta yi magana da ni wata nas ce dattijuwa mai kaushin murya. Ta kori Saude waje, ta jawo kujera ta zauna.

"Me kika ci jiya?"

"Kunu."

"Nawa?"

"Ludayi ɗaya."

"Shekaranjiya fa?"

Na ɗaga mata yatsa ɗaya.

"Ke, yunwa ce take cin ki."

"Da wannan jikin, Sista?"

"Da wannan jikin. Kin taɓa ganin maigidan da ya hango fari? Rumbu yake toshewa ya hana kowa taɓawa, ya koma sayar da dabbobi da ƙyauren ɗaki. Haka jikinki ya yi. Ya ga ba abin da ke shigowa, ya ƙanƙame kitsen, ya koma cin naman ƙafarki da gashin kanki. Ramar kirki a hankali take zuwa, shekara guda, har biyu, kuma sai da ci. Wadda kike nema a makara ake ganin irinta."

Na fashe da kuka, na gaya mata komai, har da awakin. Na zaci za ta ce ƙauyanci ne. Sai ta ƙara matso da kujerarta.

"Ni ma ina da suruka," ta ce. "Shekara ashirin da wani abu, ko goro ban taɓa ɓantara a gabanta ba. Ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Amma ki zaɓa mata ɗaya: ko ta ga bakinki yana motsi, ko ita da hannunta ta ɗaure miki shi da ƙyalle ranar da za a suturta ki."

Kwana tara na yi a gadon nan ina neman hanyar da za ta fisshe ni ba tare da na taɓa kowa ba, ban samu ba. In ce a canza min ɗaki? Ko bayi sai an riƙe ni, kuma gari zai ɗauka Hajiya ta gaza da jinyar matar ɗanta. In bar ta ta riƙa fita? Sau shida a rana, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana tsaye a rana wajen turken awaki, a gidanta, saboda ni. Kuma na san kaina. Muddin ina kasa kunne ina jiran ƙarar silifan nan, zan haɗiye ba tauna, in amayar, a koma gidan jiya. Abin ba zai gyaru a ɓoye ba.

Washegarin da aka sallamo ni ɗakin ya cika. Goggo Asabe ta iso daga Taura tun da sassafe, ga matan maƙwabta, ga malamar Islamiyyar da ke zuwa yi wa Hajiya bita. Na raɗa wa Saude ta dafa min ƙwai ɗaya, ta zaro ido, na ce nas ce ta ce. Agogon bango na buga goma ta shigo da shi a faranti, an rufe da faifai. Hajiya ta gani. Ta dafa bango ta fara haɗa ƙarfin tashi, tana yi wa sauran ido.

"Ku zo mu leƙa awakin nan, akwai mai shirin haihuwa."

Ban taɓa fara yi wa Hajiya magana ba in ba gaisuwa ba. Na ji wata murya ta fito daga bakina, siririya kamar ta yarinya.

"Hajiya, ku zauna. Zan daɗe."

Ta tsaya a rabin tashi, hannu a bango. Na ɗauke faifan, na ƙwanƙwasa ƙwan a ƙarfen gado. Ban taɓa sanin ɓare ƙwai yana da ƙara haka ba. Ɓawon na zuba a cinyata. Na gutsuri kamar ƙwayar gyaɗa na sa a baki na fara taunawa. Ban juya baya ba, ban kare da hijabi ba. Ina kallon tabarma, ina jin idanunsu a kan muƙamuƙina.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Goggo. "Ke 'yar nan! A Ringim ɗin haka aka koya miki? Ko a Masar kunyar aka yanke aka bar kitsen?"

Saude ta toshe baki ta fice. Ban amsa ba, akwai loma a bakina. Sai da na haɗiye, na jira ta sauka.

"Goggo, ku yi haƙuri. An ce in ban ci ba mutuwa zan yi."

"To ki ci mana! Wa ya hana ki? Ba ga shi za mu ba ki wuri ba? A gidan malamai, a wannan lokaci da kowa ke gyara tsakaninsa da Allah, ki baje baki a gaban wadda ta haifi mijinki?"

"Wurin da ake ba ni ba ya isata," na ce. "Wata uku ina karɓar sa, shi ya kai ni na danne 'yata. Ga Malama nan, a tambaye ta. In akwai littafin da ya haramta min ci a gaban Hajiya, yanzu in ajiye."

Malamar ta sunkuyar da kai tana gyara hijabi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na sake gutsura. Hajiya ta koma ta zauna a hankali, ta juya fuskarta bango, ta jawo carbi. Ɗaya bayan ɗaya matan suka zame, kowace da uzurinta. Goggo ta ɗauki jakarta ta ce ba za ta yini a gidan da aka zubar da mutuncin ƙanwarta ba. Aka bar ni daga ni sai Hajiya sai agogo. Goma da rabi na cinye ƙwan. Ya zauna. Rabon da wani abu ya zauna a cikina haka tun Masar.

Kada ki zaci tafa min aka yi. Hajiya ta ci gaba da gasa min ƙafa, amma ta daina hira da ni, gaisuwa kawai take amsawa. In na ɗauko faranti sai ta juya bango, ni in tauna, ita ta ja carbi, kowa da aikinsa. Babanki da ya zo ran Juma'a ya sa aka fito da ni zaure, ransa a ɓace.

"Da kin bari na zo na yi mata bayani a tsanake."

"Wata uku kana zuwa," na ce. "Labule kake tambaya."

Ya bar maganar a nan. Amma magana ta riga ta kai Ringim, Goggo ta tabbatar da haka. Ran Lahadi sai ga Babana, ya sha hanya da tsufansa, ko ruwa bai kurɓa ba ya ce a yi masa iso wurin Hajiya. Mutumin da ya riƙe ni shi kaɗai bayan rasuwar Innata, bai taɓa ɗaga min murya ba. Ranar ma bai ɗaga ba, shi ya fi ciwo.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kin sa na kasa haɗa ido da mutanen gidan nan. Durƙusa ki ba ta haƙuri, ki ce ba za ki ƙara ba."

Na dafa gado na sauka a kan gwiwoyin da ba na ji sosai.

"Hajiya, ku yafe min ɓacin ran da na sa ku. Allah ya sani ba raini ba ne."

"Sauran fa?" in ji Babana.

Ina kallon ƙafarsa da ƙurar hanya a kanta, hawaye na zuba. Ba abin da nake so a duniya lokacin kamar in faɗi abin da yake so ya dafa kaina.

"Baba, zan ƙara. Yau ma saura sau uku."

Hajiya ce ta yi magana, fuskarta a gefe, ta ce, "Malam, a bar maganar nan haka." Ban sani ba ko kare ni ta yi, ko gajiya ta yi da jin ta. Baba ya sa takalminsa ya fita bai sa min albarka ba. Yakan aiko a gaishe ki. Ni har yau ba a haɗawa da ni.

Yanzu shekara guda ke nan da 'yan watanni. Ramar tana zuwa yadda aka ce, wani watan ta motsa, wani watan ta kwanta kamar ta manta da ni, ni kuma na daina bin ta da awo. Saude har yanzu buhun Masar take ce min. An rage min maganin suga. Yatsu biyu na ƙafar hagu ba su dawo ba, wataƙila ba za su dawo ba. Watan jiya na kai goshina ƙasa a sallah, na daɗe ban ɗago ba. An ƙaro kaji huɗu a gidan nan, ba wanda ya ce don wa, ni ma ban tambaya ba. Da na fara iya tafiya ba mariƙi aka ba ni ɗakin da ke kusa da rijiya, a nan nake yi miki wannan rubutu.

Jibi za a ɗaura wa Saude aure, gidan ya cika tun jiya. Goggo Asabe ta iso, karon farko tun ranar, ina jiyo muryarta tana faɗan yadda aka jera tukwane. Goma saura minti biyar. Kifina yana kan murhu a tsakar gida, inda suke zaune dukansu. Zan iya sa a kawo min nan, in tura ƙofa, in ci a tsanake, ba mai gani, ba mai magana, kowa ya huta. Tun asuba nake wannan tunanin. Amma na san inda hanyar take kaiwa: yau in ɓuya don Goggo, gobe don baƙi, wata rana a wayi gari babu ɗakin ɓuya, in rufe kwano in ce na ƙoshi. Zan ajiye biron nan, in ɗauki kujerata 'yar tsugune, in fita in zauna a tsakiyarsu. Su kalla.